Aikin Ajin da Ya Zama Bangon Makoki: Sake Duba Ɗalibtar Maya Lin

Akwai wani labari da ke yawo a wayoyinmu, wanda duk bayan 'yan watanni sai wani ya sake turo mana shi. Wai wata ɗaliba 'yar shekara 21 a Jami'ar Yale ta Amurka ta yi zanen gini a matsayin aikin aji, malaminta ya ba ta B. Ta ɗauki zanen nan ta shigar da shi gasar ƙasa baki ɗaya, ta kayar da kowa, har da malamin nata da shi ma ya shiga gasar. Daga nan sai mai turowa ya rufe da nasiha, cewa kada ka bari makin malami ya karya maka gwiwa.

Labarin yana da tushe. Ɗalibar ita ce Maya Lin, zanen kuma shi ne na bangon tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam, wanda ke tsaye a birnin Washinton tun 1982. Zane 1,421 aka aika wa gasar, nata mai lamba 1026 ne alƙalai takwas suka zaɓa a watan Mayun 1981, ba tare da sun san sunan mai shi ba. Matsalarmu da labarin ita ce irin darasin da ake tatsa daga cikinsa. An mayar da shi tatsuniyar Gizo da Kura, ɗaliba mai wayo da malami maras gani, alhali duk wanda ya bi yadda aikin ya samu zai tarar da cewa ajin nan da ake yi wa dariya shi ne ya haifi bangon. Kuma ɗalibtar da ta ba aikin ƙarfinsa, ita ce dai ta bar masa gurbin da har yau bai cike ba. Waɗannan abubuwa biyu muke son dubawa.

Yadda abin ya faro

An haifi Maya Lin a 1959 a garin Athens na jihar Ohio. Iyayenta daga ƙasar Sin suka yi ƙaura. Mahaifinta, Henry Lin, gwanin ginin yumɓu ne da ya shugabanci tsangayar fasaha a Jami'ar Ohio, mahaifiyarta Julia kuma marubuciyar waƙa ce mai koyar da adabi. Goggonta, Lin Huiyin, tana cikin matan farko da suka yi suna a zanen gine-gine a Sin ta zamani. Ke nan yarinyar ta tashi ne tsakanin laka da littafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A shekararta ta ƙarshe a digirin farko ta shiga wani kwas da ke nazarin gine-ginen da suka shafi mutuwa, wato kaburbura da hubbare da wuraren tunawa da mamata, ƙarƙashin malami Andrus Burr. A daidai lokacin ne wata gidauniya da wani ɗan mazan jiya mai suna Jan Scruggs ya kafa a 1979 ta buɗe gasar zanen wurin tunawa da waɗanda suka mutu a Biyetnam. Majalisar dokokin Amurka ta ba da fili, kuɗin gini kuwa, fiye da dala miliyan 8, daga aljihun jama'a aka tara. Ajin ya ɗauki wannan gasa a matsayin aikin ƙarshe.

Sharuɗɗan gasar guda huɗu ne, kuma yana da kyau mu riƙe su. Ginin ya zama mai sa mutum ya natsu ya yi tunani. Ya saje da muhallin da ke kewaye da shi. Ya ɗauki sunayen duk waɗanda suka mutu ko suka ɓace. Kada ya furta wata magana ta siyasa game da yaƙin. Masu yaɗa tatsuniyar kan ba da labarin kamar tunanin rubuta sunaye daga kan ɗalibar ya fito. Sunayen sharaɗi ne da aka gindaya wa duk masu shiga gasar. Abin da ya raba ta da sauran shi ne abin da ta yi da su.

A watan Nuwamban 1980 ta je Washinton tare da wasu 'yan ajinsu don ganin filin. Kamar yadda ta bayyana daga baya a littafinta *Boundaries* na 2000, abin da ya faɗo mata a rai a wurin shi ne a tsaga ƙasa kamar da wuƙa, a buɗe ta, a bar ciyawa ta rufe bakin raunin, amma tabon ya zauna. Shi ke nan asalin zanen: bango biyu na baƙin dutse da suka nutse cikin ƙasa, suka haɗu a kusurwa.

Abin da makaranta ta zuba a cikin bangon

Ga inda tatsuniyar ta fara yoyo. A harabar Yale akwai wani zaure a ginin Woolsey, inda aka sassaƙa sunayen tsofaffin ɗaliban jami'ar da suka mutu a yaƙe-yaƙe a jikin farin dutse. Lin ta ce ba ta iya wucewa ta wurin ba tare da ta shafa sunayen da yatsunta ba, kuma ta lura duk cunkoson da ake yi, mutane kan rage murya idan sun shigo. Tun kafin ta san za a yi wata gasa, hanyarta ta zuwa aji ta riga ta koya mata cewa suna a jikin dutse yana kiran hannu.

Na biyu, malamin tarihin gine-gine Vincent Scully ya yi musu lacca a kan ginin tunawa na Thiepval a Faransa, wanda Edwin Lutyens ya zana aka buɗe a 1932, mai ɗauke da sunayen sojoji fiye da 72,000 da suka ɓace a fagen daga na Somme a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Scully ya bayyana ginin a matsayin tafiya da mai ziyara ke yi har ya kai ga fahimtar girman rashi. A wannan laccar ne Lin ta samu kalmomin da za ta bayyana nata zanen, ta fara rubuta bayanin da ya raka shi zuwa gasa.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. A zanenta na farko, sunayen sun faro ne daga ƙarshen hagu suka tafi har ƙarshen dama, bisa jerin ranakun mutuwa. A zaman gyaran aiki na aji ne wani malami ya tambaye ta, to mene ne amfanin kusurwar da bangon biyu suka haɗu? Tambayar ta zauna mata. Sai ta sauya tsarin: sunayen farko na 1959 suka faro daga kusurwar, suka bi bangon gabas har ya ƙare cikin ƙasa a watan Mayun 1968, sannan suka ci gaba daga can ƙarshen bangon yamma, suka dawo kusurwar da sunayen 1975. Farkon yaƙin da ƙarshensa suka haɗu a wuri ɗaya, a inda bangon ya fi tsayi, mai ziyara kuma ya fi nutsewa. A ganinmu wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma daga bakin malami tambayar da ta haife shi ta fito.

Haka nan ta taɓa tunanin ƙara wasu manyan faifan dutse a gaban bangon, daga baya ta ga ba su da gurbi ta cire. Wanda ya taɓa zama a gaban masu gyara masa rubutu ya san wannan ciwon, a ce maka abin da ka fi ƙauna a aikinka shi ne ya kamata ya fita. Ba mu ce duk malami yana da gaskiya ba, kuma ba mu ce makin da aka ba ta adalci ne ba. Abin da muke cewa shi ne, harafin da aka rubuta a takardar sakamako shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya gudana tsakaninta da malamanta. Wanda ya ɗauki labarin nan a matsayin lasisin raina gyara ya karanta shi a baibai.

Akwai kuma wani abu da ya kamata masu sha'awar rubutu su lura da shi. Zanen da ta aika da alli mai launi aka yi shi, dishi-dishi, ba shi da ƙyallin zanen manyan kamfanoni. Abin da ya ɗauke shi shi ne bayani na shafi ɗaya da ta rubuta da hannu, wanda ta ce ya ci mata lokaci fiye da zanen kansa. Bayanin yana ɗaukar mai karatu ne taki bayan taki, daga shigarsa filin har saukarsa kusurwa. Alƙalan da suka zagaya zane fiye da dubu a cikin wani ɗakin ajiye jirage na sansanin sojan sama na Andrews sun ga bangon ne ta cikin jimlolinta kafin kowa ya gan shi a dutse.

Me bangon yake yi wa mai ziyara?

Kowane ɓangare na bangon tsawonsa kusan mita 75 ne. Ɗaya yana nuni zuwa hasumiyar tunawa da George Washington, ɗayan zuwa ginin tunawa da Abraham Lincoln. A bakin shiga, dutsen bai wuce idon sawu ba, da layin sunaye ƙalilan. Kana tafiya hanya tana gangarawa, bangon yana tashi, har a kusurwa ya kai kusan mita uku, sunaye sun haura kanka. Jikinka ne ke auna yawan mamatan kafin ƙwaƙwalwarka ta ƙirga su. Sunaye 57,939 aka sassaƙa da farko, yanzu sun haura 58,000.

Dutsen daga yankin Bangalore na Indiya aka kawo shi, aka goge shi har ya zama kamar madubi. Mai neman sunan ɗansa ko ƙaninsa zai ga fuskarsa a bayan haruffan. Babu muƙami a jikin kowane suna, janar da kurtu layinsu ɗaya. Gefen kowane suna akwai 'yar alama da ke bambanta wanda aka tabbatar da mutuwarsa da wanda ya ɓace.

Batun jera sunaye bisa ranar mutuwa sai da ta yi jayayya a kansa, domin wasu sun so a bi jerin haruffa saboda sauƙin nema. Hujjarta ta yi ƙarfi da aka duba aka ga masu sunan Smith kaɗai sun haura 600. Da an bi haruffa, da bangon ya koma kundin lambobin waya. Da aka bi kwanaki, sojan da ya tsira zai tarar da abokansa da suka faɗi rana ɗaya suna jere kusa da juna, kamar yadda ya bar su. Don sauƙin nema kuma, aka ajiye littattafan jagora a bakin shiga.

Mun saba da ginin tunawa da ke yi wa mamaci kirari: doki, takobi, ƙirji a buɗe, kai a sama. Irin wannan gini yana gaya maka abin da za ka ji tun kafin ka iso. Bangon Lin ya fi kama da zaman makoki, inda ake shimfiɗa tabarma a bar kowa da abin da ya zo da shi a zuciya. Shaidar cewa ya yi aiki ita ce abin da jama'a suka yi da shi ba tare da an umarce su ba. Suna ɗora takarda a kan suna su goga fensir su tafi da shi gida. Suna barin wasiƙu da hotuna da takalman soja da lambobin yabo a gindinsa, har hukumar da ke kula da wurin ta tara dubun dubatar irin waɗannan kayayyaki a ma'ajiya.

Masu adawa, da gaskiyar da ke bakinsu

Da aka bayyana zanen, ƙura ta tashi. Wani ɗan mazan jiya mai suna Tom Carhart ya kira shi baƙin rauni na abin kunya. Attajirin nan Ross Perot, wanda ya ba da kuɗin shirya gasar, ya juya masa baya. Sakataren harkokin cikin gida na lokacin, James Watt, ya riƙe izinin gini. Wasu suka bar zanen suka koma kan mai zanen, suna tambayar yadda za a ce yarinya, kuma mai jinin Asiya, ita za ta zana wa waɗanda suka mutu a yaƙin Asiya wurin tunawa. Wannan wariya ce tsagwaronta, kuma tana nuna amfanin ɓoye sunaye a gasa. Ita kanta ta ce da alƙalai sun san ko ita wace ce, da wuya ta ci. A kan batun launi kuwa, wani janar baƙar fata mai ritaya, George Price, ya tashi a wani taro ya ce ya gaji da jin ana kiran baƙi launin kunya, kuma maganarsa ta kashe wannan hujja.

Sai dai zai zama rashin adalci mu zuba duk masu adawar a kwando ɗaya. Mutanen nan sun dawo daga yaƙin da ƙasarsu ta ji kunyarsa, ba a tarbe su da ganga ba, wasu ma da zagi aka tarbe su. Da aka ce za a yi musu abin tunawa, sai suka ga rami da baƙin dutse, babu tuta, babu fuskar ɗan Adam. Tambayarsu ita ce, mu da muka dawo da rai ina muke a cikin wannan? Tambaya ce mai nauyi. Amsar Lin ita ce suna cikin madubin, duk wanda ya tsaya a gaban bangon ya shiga cikinsa. Amsar tana da kyau, amma sai an gina bangon an tsaya a gabansa ake gane ta. A takarda ba ta ganuwa.

Sulhun da aka yi shi ne a ƙara tuta da mutum-mutumin sojoji uku na tagulla, aikin Frederick Hart, wanda aka buɗe a 1984. Lin ta yi adawa da shi ƙwarai, musamman da aka so a dasa shi a kusurwar. A nan muna tare da ita, domin da an yi haka da bangon ya koma labulen bayan mutum-mutumi. Amma da aka janye shi gefe, can nesa kaɗan, sojojin uku suna kallon sunayen, sai abin ya zauna fiye da yadda ɓangarorin biyu suka zata. Hankalin matashiya mai kare aikinta ya ga ɓarna kawai. Shekaru sun nuna cewa bangon yana da ƙarfin da maƙwabci ba zai rage masa komai ba.

Gurbin da ya rage

Lin ta faɗa da bakinta cewa da gangan ta ƙi zurfafa bincike a kan siyasar yaƙin yayin da take zanen, don kada ra'ayi ya shiga tsakaninta da mamatan. Shekararta 15 lokacin da yaƙin ya ƙare a 1975. Wannan nisa ya taimake ta. Manyan da suka yi zanga-zanga ko suka riƙe bindiga kowannensu yana da bashin da yake son ginin ya biya masa, ita kuwa ba ta bin kowa.

Amma a ce ginin ba shi da siyasa, wannan ba mu yarda ba. Zaɓen wanda za a rubuta sunansa da wanda za a bari siyasa ce. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ƙiyasta cewa fararen hula kusan miliyan biyu da mayaƙan ɓangarenta fiye da miliyan ɗaya ne suka mutu a yaƙin. Idan sunaye 58,000 sun ci mita 150 na bango, mutum miliyan uku za su buƙaci fiye da kilomita bakwai. Babu ko ɗayansu a jikin dutsen, haka ma mutanen Laos da Kambodiya da bama-bamai suka faɗa wa. A 1991 wani mai fasaha ɗan Amurka, Chris Burden, ya yi wani aiki na faifan jan ƙarfe mai ɗauke da sunayen Biyetnam miliyan uku don nuna wannan giɓi, kuma sai da ya sa kwamfuta ta harhaɗa sunayen, domin babu cikakken jerin na ainihi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wane mamaci ne duniya ke ajiye wa suna.

Ba laifin ɗalibar ba ne, sharaɗin gasar ne ya iyakance sunayen. Amma mai sharhi ba niyyar mai aiki yake aunawa ba, aikin yake aunawa. Bangon yana koya wa mai ziyara cewa yaƙin Biyetnam musiba ce da ta auka wa Amurka. Yana yin haka da tausasawa da kyau, har mutum ya fita da hawaye ba tare da ya tambayi a ƙasar wa aka yi yaƙin ba. Kyawun nasa ne ma ya sa giɓin ke da wuyar gani. Mutum-mutumi mai kirari kowa ya san ɓangare ɗaya yake yi wa magana. Bangon da ya yi shiru sai a ɗauka ya yi wa kowa adalci.

Hukuncinmu

Maya Lin ba ta tsaya a nan ba. Ta koma Yale ta kammala digiri na biyu a 1986. Ta zana wurin tunawa da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Montgomery a 1989, da teburin dutse na tunawa da matan Yale a 1993, jami'ar da sai a 1969 ta fara ɗaukar mata a digirin farko. Fim ɗin da Freida Lee Mock ta yi a kanta ya ci kyautar Oscar a 1995, kuma a 2016 Shugaba Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma ta farar hula. Duk da haka, har gobe aikin da ta yi tana ɗaliba ne ake fara ambata idan an kira sunanta.

Muna ganin bangon ya cancanci sunan da ya yi. Ya sauya yadda ake gina wuraren tunawa a ƙasashe da dama, har ya zama da wuya a yi wani bayansa ba tare da jerin sunaye ba. Muna kuma ganin ya kamata a daina ba da labarinsa a matsayin nasarar ɗaliba a kan malami. Yarinyar ta shafa sunaye a zauren makarantarta, ta saurari lacca, an yi mata tambaya mai zafi ta sauya tsari, ta cire abin da take so, ta zauna ta rubuta shafi ɗaya har ya nuna. Daga baya ta tsaya a gaban attajirai da 'yan siyasa ta ƙi yarda a taɓa abin da ta tabbatar daidai ne. Ta san gyaran da za ta karɓa da wanda za ta ƙi, kuma wannan sanin a aji ta same shi.

In an sake turo muku labarin B ɗin nan, ku tambayi mai turowa ko ya san dalilin da ya sa sunayen suka faro daga kusurwa. Sannan ku tambaye shi sunayen su wa babu a jikin bangon.